Yadda Alhaji Zai Sarrafa Wayarsa a Minna, Arfa da Muzdalifa Idan Sabis Ya Yi Wuya

Saudiyya ba ta fama da ƙarancin turakun sadarwa, kuma duk wanda ya sauka Jidda ko Madina zai tarar da intanet mai sauri ƙwarai. Wahalar tana zuwa ne a kwanakin aikin Hajji kansu, daga 8 zuwa 13 ga Zulhajji, lokacin da jama'ar da ke warwatse a masaukai daban-daban na Makka suke taruwa a kwarin Minna, sannan su ɗunguma zuwa Arfa a yini ɗaya, su kwana a Muzdalifa a dare ɗaya. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ƙidaya alhazai 1,833,164, a na 2025 kuma 1,673,230, kuma kusan kowanne yana riƙe da waya. Kamfanonin sadarwa suna ƙara turaku na wucin gadi a kowace shekara, amma kowane turke yana da iyakar abin da zai iya ɗauka a lokaci guda. Shi ya sa alhaji zai duba wayarsa ya ga sandunan sabis a cike, ya buga kira ya ƙi shiga, ya tura hoto ya yi ta juyawa har batir ya ƙare. Abin ya yi kama da rijiya guda da gari duka ya zo ɗiba da safe: ruwa yana nan, guga ce ba ta samun wurin shiga.

Saboda haka shirin da ya fi amfani shi ne a shirya wayar yadda za ta yi wa mai ita aiki ko da sabis ya ɗauke, kuma wannan shiri daga gida yake farawa. Abu na farko da maniyyaci zai tabbatar shi ne wayarsa tana karɓar layin kowane kamfani. Wasu wayoyin da ake shigowa da su na hannu daga Amurka ko Ingila a kulle suke da kamfanin da ya fara sayar da su, haka kuma wayoyin da ake biya kaɗan-kaɗan sukan rufe kansu idan lokacin biya ya wuce. Wanda yake da irin wannan waya ya kammala biyansa ko ya biya na kwanakin tafiyar gaba ɗaya kafin ya tashi. Idan batirin wayar ya tsufa, ba ya kai wa la'asar, gara a canja shi a wurin mai gyaran da aka sani tun a gida. Ƙaramar waya mai madannai, wadda cajinta ke kwanaki, tana da rana a wannan tafiya, musamman ga dattijai waɗanda babbar waya ke rikita su, sai dai a gwada ta da layin Saudiyya tun ranar da aka saye shi, kada a bari sai an isa Minna.

Layin gida bai kamata a bar shi a gida ba. Da shi banki yake turo lambar sirri ta tabbatar da ciniki, kuma da shi aka yi rajistar WhatsApp. Maniyyaci ya je ofishin kamfanin layinsa ko ya kira su, ya nemi a buɗe masa damar amfani da layin a ƙasar waje, ya kuma tambayi farashin kira da na karɓar kira, domin a waje har wanda aka kira ma ana cajinsa. Karɓar rubutaccen saƙo a yawancin kamfanoni kyauta ne, kuma wannan ne ainihin amfanin layin a can. Abin da ke cinye kuɗi cikin ƙanƙanin lokaci shi ne data, saboda haka kafin jirgi ya tashi a shiga saitin wayar a kashe datar yawo a kan layin gida, a bar shi don saƙo kawai. Lambobin da ake dannawa don tura kuɗi ba tare da intanet ba, masu farawa da tauraro, ba kullum suke aiki daga ƙasar waje ba. Wanda zai riƙa tura wa iyali kuɗin cefane ya sauke manhajar bankinsa, ya shiga ya gwada ta tun yana gida.

Game da WhatsApp kuwa, akwai kuskuren da alhazai da yawa suke yi. Sanya layin Saudiyya a waya ba ya taɓa WhatsApp, zai ci gaba da aiki da lambar gida muddin ba a canja ta ba. Idan wani mai shago ya ce bari ya mayar da shi kan sabon layi, a ce masa a'a. A kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu da lambar sirri, sannan kada a karanta wa kowa lamba shidan da ke shigowa ta saƙo, ko da mai kiran ya ce daga hukumar alhazai yake.

Manyan kamfanonin sadarwa a Saudiyya uku ne, STC da Mobily da Zain, sai ƙanana irin su Lebara da Virgin Mobile waɗanda ke hawa kan turakun manyan. Ana samun rumfunansu a filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda da na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina, da kuma shagunan da ke kewaye da Haramai biyu. Dokar ƙasar ta wajabta rajistar layi da fasfo da bayanan biza da dangwala yatsa. A wasu lokuta jami'ai sukan karɓi fasfon alhazai su ajiye bayan isowa, don haka ya fi sauƙi a sayi layi da wuri, a kuma riƙe hoton fasfo da kwafin biza. A unguwannin da Hausawa suka fi yawa a Makka, kamar Misfala da Shara Mansur, ba a rasa mai tallar layi da aka riga aka yi wa rajista, yana kiran alhaji da Hausa yana cewa ba sai ya bi dogon layi ba. A ganina sauƙin bai kai haɗarin ba: layin yana ɗauke da sunan wani, ana iya rufe shi a kowane lokaci, kuma idan ya ɓace babu yadda za a dawo da lambar. Kafin a bar shago a sa mai sayarwa ya kunna layin, a kira wani a ji ya shiga, a buɗe intanet a gani, a tambaye shi yadda ake duba ragowar data da ranar da kunshin zai ƙare. Wannan ranar tana da muhimmanci, domin alhazan Najeriya da Nijar sukan kwashe wata guda ko fiye, kuma babu abin takaici kamar kunshin da aka saya a Madina ya ƙare ana tsaka da kwanakin Minna. A sabunta shi a Makka tun kafin 7 ga Zulhajji.

Miji da mata, ko abokan ɗaki, za su yi dabara idan suka raba kamfani, ɗaya ya ɗauki STC ɗaya Mobily ko Zain. Cunkoso ba ya kama kamfanoni duka daidai a wuri ɗaya, kuma sau da yawa idan wannan ya ƙi, wancan yana tafiya.

Lambobin wayar hannu na Saudiyya da 05 suke farawa. Mai kira daga gida zai sa +966 ya jefar da sifilin farko. Shi kuma alhaji ya gyara lambobin iyalinsa tun kafin tafiya, na Najeriya su fara da +234, na Nijar da +227, na Gana da +233, in ba haka ba zai yi ta kira ana ce masa lambar ba daidai ba ce, ya ɗauka sabis ne babu.

Yanzu sai abin da za a zuba a cikin wayar don ranar da intanet ba ya tafiya. Na'urar gano wuri da ke cikin waya daga tauraron ɗan'adam take karɓar bayani, ba ta bukatar layi ko data. Abin da ke bukatar data shi ne taswirar da za ta nuna wurin a kanta. A Google Maps ana iya sauke taswirar yanki a ajiye, saboda haka a yi amfani da intanet na masauki a sauke ta Makka har da Minna da Muzdalifa da Arfa, wadda ke da nisan kusan kilomita 20 daga Harami, a sauke ta Madina ita ma. Da an isa masauki a sa masa alama a taswira, da an isa tanti a Minna shi ma a sa masa tun kafin a ajiye jaka. Sai dai a san iyakar abin: a cikin hanyoyin da aka fasa ta ƙarƙashin duwatsu, da kuma tsakanin dogayen benayen da ke kewaye da Harami, alamar takan yi tsalle ta nuna mutum a inda ba ya nan. Don haka hoto yana cike giɓin. A ɗauki hoton ƙofar masauki da allon sunansa na Larabci, da katin otal, da allon da ke ƙofar sansanin tanti mai ɗauke da lambar maktabi, wato ofishin da ke kula da tawagar, da lambar titi, da lambar motar da aka shiga. Tantunan Minna farare ne iri ɗaya, layi bayan layi, kuma mutumin da ya dawo daga jifa da rana tsaka a gajiye ba ya bambanta nasa da na wasu sai da lamba. Askari ko ɗan agaji ba ya jin Hausa, amma idan aka nuna masa hoton allo zai nuna hanya da hannu.

Katin shaidar alhaji na Nusuk, wanda tun Hajjin 2024 aka wajabta wa kowane alhaji ratayawa, shi ma a ɗauki hotonsa gaba da baya. Manhajar Nusuk da ita ake neman izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, kuma ya fi kyau a yi rajistarta a karɓi lokaci a cikin masauki inda intanet yake da ƙarfi, maimakon a tsaya a harabar masallaci cikin taro ana jiran shafi ya buɗe. Littafin addu'o'i da Alƙur'ani na waya su ma a zaɓi waɗanda ke buɗewa ba tare da data ba.

Duk da haka waya tana iya mutuwa ko ta faɗi a turmutsutsu, kuma mutanen yanzu ba su haddace lambar kowa ba, har ta matansu. A rubuta a ƙaramar takarda lambar jami'in alhazai na ƙaramar hukuma, da ta abokin ɗaki, da ta mutum ɗaya a gida, da sunan masauki, a naɗe ta a leda saboda gumi, a sa a aljihun ɗamara. Masu ’ya’ya da suka iya waya su sa a rubuta waɗannan lambobi a kan hoton fuskar wayar, yadda wanda ya tsince ta, ko ya tsinci mai ita a galabaice, zai ga wanda zai kira ba tare da ya buɗe ta ba. A danna *#06# a kwafe lambar jikin wayar ita ma a ajiye.

Idan an shiga kwanakin cunkoso, ƙa'idar ita ce a aika abu mafi ƙanƙanta. Rubutaccen saƙo ya fi kira shiga, domin kira yana bukatar hanya a buɗe tun daga farko har ƙarshe, shi kuwa saƙo ɗan mitsitsi ne, yana jira a ajiye har ya samu kafa ya wuce. Wanda ba ya rubutu ya yi saƙon murya gajere, na daƙiƙa goma ko ashirin, ya faɗi inda yake da lokacin da yake maganar, saboda saƙon yana iya isa bayan awa guda, lokacin da ya riga ya bar wurin. “Ina bakin tanti, ƙarfe huɗu da rabi, zan jira har biyar” ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan “Wai kuna ina ne?” Kiran murya da na bidiyo ta WhatsApp ba abin dogaro ba ne a kan layukan Saudiyya, ko da yake ƙasar ta sassauta takunkumin kira ta intanet a watan Satumba na 2017, ba dukkan manhajoji ne suka samu tafiya daidai ba, abin da ya sa Hausawa mazauna can da yawa suka saba da manhajar kira ta IMO. A gwada wadda ke aiki tun a masauki, a kuma tabbatar mutanen gida sun sauke irinta.

A kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, domin zaurukan unguwa da na dangi ba sa daina turo kaya don mutum yana Arfa, kuma wayar za ta yi ta kokawar sauke su a ɓoye tana toshe saƙon da ake son ya fita. A dakatar da sabunta manhajoji da kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet. Idan sabis ya tsaya cik, a sa wayar a yanayin jirgi na ɗan lokaci a cire, hakan yana sa ta sake neman turke, wani lokaci ta kama wanda bai cika ba. Wanda wayarsa ke ta sauyawa tsakanin 5G da 4G ya tsayar da ita a kan 4G, ya fi kwanciyar hankali kuma ya fi tausaya wa batir. Lokaci ma yana da tasiri: tsakar dare da bayan hantsi sun fi sauƙi, yayin da yammacin Arfa dab da faɗuwar rana, da safiyar Sallah a hanyar Jamra, kowa yake neman kowa.

Saboda waɗannan sa'o'i ne ya kamata kowace tawaga ta yi alkawarin mahaɗa tun kafin a fita, da baki, kowa ya ji. A ambaci wuri mai lamba da lokaci, kuma a ce idan an wuce lokacin kowa ya koma tanti ko masauki. A Harami, Ƙofar Sarki Abdul'aziz ita ce lamba 1, ta Sarki Fahad lamba 79, kuma irin waɗannan ne ake sa wa alkawari. Cewa a haɗu a wajen dogon agogo bai wadatar ba, tun da ginin yana da faɗi da ƙofofi da yawa, mutum biyu suna iya tsayawa a gindinsa awa guda ba su ga juna ba.

Caji shi ne rabin matsalar, wataƙila ma fiye. Wayar da ke neman sabis tana ƙara ƙarfin aikawarta, don haka ta fi shan batir a wurin da sabis ke wahala. Soket a tantin Minna kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan mutanen da ke ciki, kuma za ka tarar da wayoyi a jibge a kansa, kowa na gadin tasa, wani ya cire ta wani da ta kai rabi. A Muzdalifa kuwa a fili ake kwana. Alhaji ya fita daga Makka ranar 8 da waya da fawa bank a cike, ya ƙara cika su a Minna a daren, ya ɗauka cewa daga safiyar Arfa har ya dawo tanti ranar 10 ba lallai ya ga wuta ba. A ƙa'idar jiragen sama fawa bank a jakar hannu yake tafiya, ba a sa shi a kayan awo, kuma wanda bai wuce 100Wh ba shi ake bari ba tare da neman izini ba. Mai 20,000mAh yana kusan 74Wh, ya shiga. Soket na Saudiyya mai baki uku ne masu kusurwa, irin na Najeriya, amma alhazan Nijar da cajarsu ke da baki biyu zagayayyu su nemi mahaɗi tun da wuri. A rage hasken fuska, a kunna tanadin batir, kuma idan ba a jiran kowa a sa yanayin jirgi, a riƙa buɗewa lokaci-lokaci a duba saƙo.

Zafi ma yana kashe waya. Masu ƙera wayoyi irin su Apple sun ce an yi su ne don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka. Wayar da aka riƙe a rana ana ɗaukar bidiyo takan rage haske, ta daina caji, daga baya ta kashe kanta. A ajiye ta a inuwa, a cire mata riga mai kauri, kada a yi caji tana da zafi, kuma kada a jefa ta cikin ƙanƙarar da ake sanyaya ruwa. Tun da harami ba shi da aljihu, maza su sa ta a ɗamara mai zif, mata a ƙaramar jaka da ake ratayawa ta gaba a ƙarƙashin hijabi. Cusa ta a naɗin harami a ƙugu shi ne hanyar da ta fi saurin kai ta ramin banɗaki.

Lambobin gaggawa a ajiye su a waya a kuma rubuta a takardar nan: 911 a yankin Makka, 997 don motar asibiti ta hukumar agaji ta Hilal Ahmar, 937 don shawarar Ma'aikatar Lafiya. A haɗa da lambar asibitin da hukumar alhazai ta Najeriya, NAHCON, ko hukumar jiha ta tanada, wadda jami'ai ke bayarwa a masauki, domin a can ne za a samu likitan da ke jin Hausa.

Tsakanin Makka da Madina tafiya ce ta fiye da kilomita 400 cikin sahara da duwatsu, ko a mota ko a jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018. Akwai sabis a mafi yawan hanyar, sai dai yakan yi rauni a wasu wurare, don haka a sanar da gida kafin a tashi da kuma bayan an sauka, ya wadatar.

Mutanen gida su ma suna bukatar bita. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, saboda haka kiran ƙarfe goma na dare daga Kano ko Maraɗi yana tashin alhaji ne da sha biyu, ga shi zai fita Harami kafin asuba. A gaya musu tun da wuri cewa daga ranar Arfa zuwa washegarin Sallah shiru ba alamar wani abu ba ne, a zaɓi mutum ɗaya da za a riƙa aika wa saƙo shi kuma ya isar wa sauran dangi, a ba shi lambar abokin tafiya. Wannan yana rage kiraye-kirayen da ke cinye batir, yana kuma hana a tayar da hankalin tsofaffi duk lokacin da wani bidiyo marar tushe ya fara yawo. Ni dai ban ga dalilin da zai sa mutum ya biya miliyoyi ya zo gaban Ka'aba, sannan ya yi ɗawafi hannu a sama yana nuna wa ’yan gida kai tsaye ba. Yana tare wa na bayansa hanya, yana kuma cinye sabis ɗin da wani ke nema don gano mahaifiyarsa da ta ɓace. A cikin masallaci a rufe ƙarar waya, musamman mai kiɗa.

Idan an zo komawa, a tuna cewa layin baƙo na ɗan lokaci ne, zai daina aiki bayan wa'adinsa. Duk wanda ya ɗaura wani asusu a kan lambar Saudiyya, na Facebook ne ko na imel, ya mayar da shi kan lambar gida tun layin yana karɓar saƙo, kuma da jirgi ya sauka ya shiga saiti ya mayar da data kan layin gida.